Mutumin da Ke Cikin Rigar Dodon

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda 'yan unguwa da abokan sana'arsa suka fi sani da Mai Soso. Ya rasu a shagonsa na gyaran kujeru, a kan bencin da yake zama ya yi ɗinki, yana da shekara hamsin da takwas. Maƙwabcinsa mai walda ne ya leƙa aron almakashi, ya same shi ya jingina da bango, kujerar da yake sa wa sabon yadi tana kife a gabansa. Likita ya ce zuciya ce. Ya bar matarsa da 'yarsa, ya kuma bar ni, ƙanwarsa, da wata magana da na shekara huɗu ina ɗage faɗa masa.

Yaya, yau kwananka goma sha biyu a ƙasa. Mutanen harkar fim suna ta turo mini saƙon ta'aziyya, kuma da yawansu da tambaya ɗaya suke farawa: ashe kina da wa? Sun san ni a matsayin daraktar da ta yi fim ɗin Zuƙau, dodon nan da ya sa mutane dariya har aka riƙa karya kujerun sinima. Kai kuwa ba su san ka ba. Ni na jawo haka, shi ya sa nake wannan rubutu.

Shekara goma sha huɗu ka ba ni. Lokacin da Baba ya rasu ban fara wayo ba, kai kuma ka ajiye karatu ka shiga koyon gyaran kujeru, ban taɓa jin ka ambaci abin da ka bari ba. Jakar makarantata ta farko kai ka ɗinka ta da ragowar yadin kushin, ja mai manyan furanni. 'Yan ajinmu suka riƙa tsokanata wai na goyo kujerar falo. Na dawo gida ina kuka, ka saurare ni da ƙananan ƙusoshi cike da bakinka kamar yadda ka saba, sannan ka tofar da su a tafin hannunka ka ce in gaya musu duk wanda ya gaji ya zo ya zauna. Washegari na faɗa, aji ya kwashe da dariya, tsokanar ta mutu. Kai ne kuma ka fara kai ni sinima, a bayan kekenka, wata Asabar da rana.

Duk wanda ya taɓa shiga shagonka ya san warin gam da ƙurar soso da ke maƙale a gashin girarka. Ba ka sallamar kujera sai ka zauna a kanta sau uku, ka miƙe, ka sake zama kamar baƙon da ya gaji. Akwai tsohuwar da ta kawo kujerar marigayi mijinta a canza mata yadi. Ka canza, amma ka bar lotsawar da zaman mutumin ya yi a tsakiya, ka ce wannan ba lalacewa ba ce. Da ta zo ɗauka, wurin ta fara shafawa. Mai gadin layinku da ke tafiya a keken guragu ya gaya mini matashinsa biyar ka yi masa a shekara goma, kuma duk lokacin da ya yi maganar biya sai ka tambaye shi sakamakon wasan ƙwallo.

Da ciwo ya kwantar da Inna wata takwas, ina wata ƙasa ina karatun fim. Kai ka yi jinyarta. Bayanta ya fara gyambo saboda kwanciya, sai ka riƙa yanka soso kana huda shi daidai inda ƙashi ke taɓa katifa, ka gwada wannan ka jefar, ka gwada wancan, sai a na bakwai ta samu barci. Ni kuwa na iso washegarin ranar da aka binne ta. Ban yi mata sallama ba, kuma abin ya zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Labarin fim ɗin da na rubuta daga baya na barkwanci ne. Wani dodo ya taso daga wata duniya a cikin kumbonsa don ya zuƙe wutar lantarkin garin, ya sauka a juji bayan kasuwa, sai ya tarar an ɗauke wuta. Haka ya riƙa yawo da yunwa yana lasar batiran rediyo, yana bin masu tocila, har wata mai gyaran waya ta tausaya masa ta ɓoye shi a shagonta. Amma ƙarshensa na so ya zama na kuka. Yunwa za ta kashe dodon, mai gyaran wayar ta durƙusa a kansa ta yi masa bankwana. Kalaman bankwanar nan wata uku na yi ina rubuta su, domin su ne abin da ban samu na faɗa wa Inna ba. Ban gaya wa kowa haka ba, har kai.

Masu zanen kwamfuta sun yi mana dodo, ya fito kamar ƙadangaren roba, babu rai a jikinsa. Ina ƙorafi a shagonka ka ce in ba ka mako uku. Ka haɗa shi da soson katifa da tiyon injin wanki, ka lulluɓe shi da koriyar ledar da ake sa wa kujerun bas, ka yi masa idanu da fitilun babur guda biyu. Da yake a jikinka ka riƙa gwadawa, rigar ba ta shiga ɗan wasan da muka ɗauka ba, wanda ta shiga kuma ya suma saboda zafi kafin a yi minti ashirin. Ka rufe shago ka ce kai za ka sa. Kwana goma sha tara ka yi a cikinta. Da yamma idan aka cire maka takalman dodon sai an zubar da gumi kamar an tsoma su a bokiti, kai kuwa kana tambaya ko an samu abin da ake so.

Fitowar mutuwar ita muka ɗauka a ƙarshe, a juji, hadari ya haɗu, mai kyamara yana cewa saura 'yan mintuna ruwa ya sauko. Na ce ka yi tangaɗi ka faɗi. Ka yi tangaɗin, ka dafe ƙirji, ka kai gwiwa ƙasa, sai ka tsaya. Ka sa hannun dodon ka share wurin, ka tsince wasu abubuwa ka ajiye gefe, ka jawo wani kwali ka shimfiɗa, ka gyara wutsiya, sannan ka kwanta a hankali ka mutu. Kafin in ce a sake, ruwa ya kece. Kumbon da muka yi da kwali ya narke a gabanmu, jarumar da ta fito a matsayin mai gyaran wayar kuma washegari ta yi tafiya. A ɗakin tace hoto na nemi yanke wurin, ya ƙi yankuwa, domin ɗauka ɗaya ce tun daga tangaɗin har ƙarshen bankwanar. Na lallashi kaina cewa kiɗa mai sanyi zai rufe.

An fara nuna fim ɗin ranar wata Asabar da ƙarfe huɗu. Zauren ya cika har da na tsaye. Ka zo da matarka da 'yarka, ka sa sabuwar riga, ka riƙo kan dodon a hammata saboda mai sinimar ya ce a kawo a ajiye a ƙofa. Tun fitowar farko aka fara dariya. Da dodon ya zura harshe a soket wuta ta ɗauke, zauren gaba ɗaya ya ce "Sun ɗauke!" da murya ɗaya kamar an haɗa baki. Da ya shiga layi a wurin masu cajin waya yana jiran a zo kansa, wata mata a gabana ta riƙa dukan kafaɗar mutumin da ke kusa da ita, wanda ba ta ma sani ba, shi ma bai hana ta ba. A ranar ne wani ya laƙaba masa suna Zuƙau, sunan da ya danne wanda na sa wa fim ɗin. Ina zaune a layin baya ina jin daɗi, ina jiran lokacin da duk za su yi tsit.

Sun yi tsit ɗin, na ɗan lokaci. Kiɗan ya sauka, dodon ya dafe ƙirji, na ji wata ta ce "Wayyo." Sai ka fara shara. Dariyar ta faro daga wani lungu, ta bi layi-layi har ta cika zauren. Da ka jawo kwalin, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a taimaka a ba shi tabarma mana. Wani ƙaton mutum ya zame daga kujerarsa ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Da ka gyara wutsiya kuwa, har masu sayar da lemo sun shigo daga waje su ga abin da ke faruwa. Jarumar ta durƙusa a allo, bakinta yana motsi, hawaye na zuba a fuskarta, amma ko kalma ɗaya ba a ji ba. Minti uku na maganar da na ajiye wa Inna suka wuce a cikin shewa da tafi.

A farfajiyar sinimar mutane suka kewaye ni, da 'yan jarida da 'yan wasa. Ka kutso ta cikinsu fuskarka cike da murna, kan dodon a hannunka, ka ce, "Auta, kin ji su kuwa? Kin ji yadda suka yi dariya?"

Na dube ka na ce, "Laifina ne da na ɗauko mai gyaran kujeru na sa a fim."

Da ƙarfi na faɗa. Matarka ta ji, 'yarka ta ji, wasu daga cikin 'yan wasan suka sunkuyar da kai. 'Yan jaridar sun ɗauka maganar wanda ya ɗinka rigar nake, ba su bi ta kai ba. Murmushinka bai gushe nan take ba, ya ɗan tsaya a fuskarka kamar bai san an gama da shi ba. Ka ajiye kan dodon a teburin masu tikiti, ka ce bari ku wuce kada a rasa mota.

Washegari, da sauran fushina, na sa aka cire sunanka daga jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim. A gurbinsa aka rubuta cewa dodon shi ya fito da kansa. Na ce wa ma'aikatana salon talla ne, kada kowa ya faɗi wanda ke ciki.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Wannan fitowar da na tsana ita ta ɗaga fim ɗin. Aka yanko ta tana yawo a wayoyi. A ofisoshi mutum zai share kujera da bayan hannu, ya gyara wutsiyar da ba shi da ita, sannan ya zauna, abokan aiki su fashe da dariya. Masu sharhi suka rubuta cewa na gano wani abu mai zurfi game da ɗan Adam da mutuwa. Aka kira ni hira a rediyo aka tambaye ni yadda tunanin ya zo mini, na buɗe baki na ce mako uku na yi ina tsara shi. Na faɗa sau ɗaya, sai ya zama dole in maimaita a ko'ina. Rediyon shagonka kuwa ba ka kashe shi tun safe har yamma, na san ka ji.

Da faɗa muka yi da ya fi mini sauƙi. Ban daina zuwa gidanka ba, kai ma ba ka daina yi mini fara'a ba. Kana tambayata aiki, kana sa a ƙaro mini abinci, kana duba kujerun motata ka ce in kawo ka ɗinke inda ya fara yagewa. Sau ɗaya ka rako ni bakin ƙofa ka ce, "Auta, ranar nan a juji..." sai na duba agogo na ce ina da taro. Ka ce to, Allah Ya kiyaye hanya. Na san abin da ya kamata in yi. Amma mayar da sunanka yana nufin in tsaya gaban mutane in ce ƙarya na yi, sai na riƙa cewa bari a gama wannan aikin, bari wancan bikin karramawa ya wuce, ai Yaya yana nan.

Kwana biyu da rasuwarka, wani dattijo ya zo gaisuwa ya nemi ganina. Shi ne mai yankan tikiti a sinimar. Ya ce kai ne ke gyara musu kujeru shekara da shekaru, abin da ni ban ma sani ba, kuma duk Asabar ɗin da aka maimaita fim ɗin sai ka zo. Ba ka zama cikin mutane. Wata 'yar kujera kake jawowa kusa da ƙofar gefe, dab da allo, ka juya ka fuskanci zauren. Ya ce ka san inda kowace dariya za ta tashi, har ka kan ɗaga masa yatsa kafin ta zo. Ya gane kai ne dodon tun makon farko, daga yadda kafaɗarka ta hagu ke saukowa idan kana tafiya, amma ka roƙe shi ya bar maganar, ka ce aikin ƙanwarka ne.

Ya ba ni labarin wata rana da wani malamin makarantar kurame ya kawo ɗalibansa manya. Su ba sa jin kiɗa ba sa jin magana, dodon kawai suke kallo, kuma ya ce bai taɓa jin dariya irin tasu ba, mai fitowa daga ciki ba tare da mai ita ya san ƙarfinta ba. Ka riƙa share ido da hularka. Wata rana kuma wani magidanci ya ƙi tashi bayan an kunna fitilu. Kana duba ƙafar wata kujera kusa da shi, sai ya fara yi maka magana kamar ya san ka. Ya ce mahaifinsa ya rasu wata guda da ya wuce, kuma kwana biyu kafin rasuwar tsohon ya sa an share ɗakinsa, ya ninke kayansa da kansa, don kada ya bar wa kowa aiki. Ya ce yana cikin dariya ya ji kuka ya ƙwace masa, kukan da bai iya yi ba ranar jana'iza. Ka saurare shi har ya gama, ka raka shi ƙofa, ba ka ce masa kai wane ne ba. Da ka dawo ka ce wa dattijon, "Ka gani? Abin da Auta ta so ya isa. Ta wata ƙofar dai ya bi."

Ashe ka san me nake so da wannan bankwanar. Kai ka yi wata takwas a gefen gadon Inna, ta yaya ba za ka gane maganar da aka rubuta mata ba?

Jiya da la'asar na je wurin matarka. Baƙi sun ragu, tana zaune a tsakar gida tana ninke kayan aikinka da aka kwaso daga shago. Na zauna kusa da ita, na rasa ta inda zan fara. Ita ta fara. Ta ce abin da ka so gaya mini a bakin ƙofa ba dogo ba ne. Wurin da na ce ka faɗi cike yake da fasassun kwalabe, ta cikin idon dodon ka hango su. Ledar rigar ba ta jure yanka, kuma guda ɗaya ce. Ka yi tunanin idan ta yage kuma na ce a sake ɗauka, babu dodon da za a sa a gaban kyamara, aikin ƙanwarka ya tsaya. Shi ya sa ka share.

Sannan na ce, "Anti, ya yafe mini kuwa?"

Ba ta ɗago ba. Ta gama ninke rigar da ke hannunta, ta ɗora a kan sauran, ta ce, "Shi tun a mota ya yafe miki, kafin mu kai gida. Har faɗa ya yi mini don na yi magana. Ni ce ban yafe ba, Auta. Ina tsaye a wurin, 'yarsa tana tsaye. Ki ba ni lokaci."

Na ce mata na ji, kuma tana da gaskiya.

Don haka nake faɗa a nan, inda waɗanda suka saurari ƙaryata za su karanta. Ban tsara wannan fitowar ba. Ko a mafarki ba ta zo mini ba, kuma da na samu hanya da na yanke ta. Duk wanda ya taɓa dariya da Zuƙau, duk wanda ya share kujera ya gyara wutsiya don ya sa abokinsa nishaɗi, yayana ne ya ba shi, mai gyaran kujeru, wanda ya ɗinka dodon da hannunsa ya kuma shiga cikinsa. Na sa an mayar da sunansa cikin fim ɗin, wannan karon a farko. Na yi hakan a lokacin da ba zai gani ba, kuma ban ɗauka wannan ya biya komai ba. Abin da nake roƙo ga duk wanda fim ɗin ya taɓa sauke masa nauyin zuciya ko na minti ɗaya shi ne ya sa shi a addu'a.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya sauƙaƙa wa mahaifiyarsa kwanciya, Ka sauƙaƙa masa tasa. Ka sa haƙurin da ya yi da ni ya zama nauyi a mizaninsa, Ka haɗa shi da Inna da Baba a Aljannar Firdausi. Ni kuma Ka yafe mini abin da harshena ya yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta rasa abokin zama na shekara talatin, da 'yarsa, wadda har yau take gaishe ni da Gwaggo cikin ladabi duk da abin da kunnenta ya ji, da maƙwabtansa na layin shaguna, da duk wanda ke zaune a kan kujerar da ya gyara. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Anti, zan jira, ko shekara nawa ne.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Amin.